Kunne Don Jitar Baba

Ku yi haƙuri da ni yau, muryata ta dushe, na ma gode Allah da rubutu ba ya neman maƙogwaro. Wanda ya saba bibiyar labarina ya san ni. Wanda kuma yau ya fara cin karo da shi, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a wani kamfanin kai saƙo, ni ce mai ɗaukar waya, tun takwas na safe har biyar na yamma ina ba mutanen da ban taɓa gani ba haƙuri a kan kayan da ban taɓa gani ba. In na dawo gida sai in ɗora wani aikin muryar, domin mahaifina ba ya ji. Shekara talatin ya yi yana kula da injinan wata masaƙa, suka cinye masa kunne a hankali, yadda gara ke cin ƙofa ta ciki ta bar fenti. Shekara shida ke nan rabon da a yi masa magana ba da ihu ba. Inna ta ce ita ƙirjinta ba zai ɗauka ba, yayyena biyu suna gidajen mazajensu, don haka ni ce lasifikar gida. A gaya masa abinci ya sauka, ni. A gaya masa an ɗauke ruwa, ni.

Abu ɗaya ya rage wa Baba, tsohuwar jitarsa, wadda ta girme ni da shekara tara. Tana rataye a ƙusa tsakanin kalanda da tagar falo. Kullum da la'asar zai sauko da ita, ya zauna a kujerarsa mai hannu ɗaya, ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a kafaɗar jitar, sannan ya fara kaɗawa. Ya ce ta muƙamuƙi sautin ke hawa masa kai. Wurin da haɓar ke zama har ya yi baƙi ya yi santsi kamar goshin mai yawan sujada. Wuyansa kuwa ya karkace, likita ya ce in bai daina ba wata rana ba zai iya ɗaga kai ya kalli silin ba. An taɓa saya masa abin jin magana na sawa a kunne, ya yi kwana uku da shi ya cire, wai yana mayar masa da duniya gwangwani. Yana nan cikin wani kofin shayi mai tsagaggen baki, tare da maɓallai.

Sai mai nemana. A unguwa Ɗaya-Biyu ake ce masa, don sana'arsa ba da hayar lasifika ce a wuraren taro, kuma ba wanda ya taɓa jin ya faɗi wani abu a makirfo ban da “ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.” Abin mamaki, in ka raba shi da makirfo sai ka matso kafin ka ji abin da yake cewa. Dogo ne, mai sanyin hali, kullum da ɗan sukudireba a aljihun gaba. Shekara biyu yana zuwa. Ba na ƙin sa, kada ku ce na ce. Gajiya ce kawai. Duk lokacin da na hango aure, wani gida nake gani da za a ce in yi ta magana a cikinsa, ga kuma wannan gidan da zan bari ba mai yi wa Baba ihu.

Wata guda da ya wuce Inna da Gwaggo, ƙanwar Baba, suka ritsa ni a kicin ina wanke tukunya, ko takalmin aiki ban cire ba. Gwaggo ta lissafo mini 'yan matan da aka haifa a bayana suke goye da na biyu. Inna ta ce mutumin kirki ba ya tsufa a ƙofar gida, wata za ta ɗauke. Suka ce rana kawai suke so in sa, ranar da zan ce e ko a'a. Ni kuma don su sake ni, na ce ranar da Baba ya sake jin jitarsa da kunnensa, ba da haɓa ba, ranar zan ba da amsa.

Abin da nake nufi shi ne ku ƙyale ni. Kowace mace ta san irin wannan magana. Amma Gwaggo ta naɗe ta a gefen mayafi ta kai wa Ɗaya-Biyu da ɗuminta, shi kuma da yake mutumin waya da soket ne, sai ya ɗauke ta a matsayin aikin da aka ba shi.

Daga ranar wayata ba ta huta ba. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa jita ta ɗauki sautinta ta tura ta wayar lantarki zuwa lasifika, masu sana'ar suna ce mata fikof. Hotunanta yake ta turo mini, iri-iri: wata kamar sandar cakulan, wata kamar tsinke, wata kamar maɓalli. A ƙarƙashin kowace ya yi dogon bayani. Ni kuwa a bas nake buɗewa, a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, in rubuta “to” in rufe. Wannan laifin nawa ne, na yarda. Da na karanta ko ɗaya, da na gaya masa abin da ko a mafarki na sani game da jitar nan.

Ranar Talata Baba ya tafi duba yayansa da ba shi da lafiya, zai dawo Asabar. Ya so ya tafi da jitar, Inna ta sa na yi masa ihu cewa mota cike take, za a danne ta da buhu. Laraba na dawo aiki na tarar da ƙusa tsirara, sai inuwar jitar a jikin bango, inda fenti bai koɗe ba. Inna tana ninke wanki ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce yaron nan ya zo ya ɗauka, kafin Asabar zai dawo da ita tana magana, a ba Malam mamaki. Na ce an tambayi mai ita? Ta ce ta yaya za a tambayi wanda ba ya nan, in ma yana nan ba ji zai yi ba.

Alhamis da rana saƙon Ɗaya-Biyu ya shigo ina tsakiyar ba wani mutum haƙuri a kan kwalin takalmansa.

“Na sa mata mafi kyau a kasuwa. Ba ta ce komai ba. Amma na gano matsalar, kada ki damu.”

Bayan awa biyu wani ya biyo. “Gobe ki biyo ta shago in kin tashi. Ki zo da kunnenki.” Har da hoton 'yar fuska mai murmushi, shi da bai taɓa sa irin wannan ba.

Na je. Shagonsa wani dogon ɗaki ne a ƙarƙashin bene, lasifikoki jere har rufi kamar baƙaƙen akwatunan matafiya, wayoyi a naɗe a ƙusoshi, ko'ina warin roba mai ɗumi. Ya sa sabuwar riga mai ruwan toka, har layin ninki bai fita ba. Ya share mini kujera da hannun rigar. Jitar Baba tana kwance a kan tebur bisa tawul, da wata baƙar sanda gicciye a bakinta, wato ramin nan na tsakiya. Kafin in zauna idona ya kai kan tsirkiyoyin. Suna ƙyalli.

Tsirkiyoyin Baba na roba ne. Uku sirara farare, biyu daga ciki ma zaren fatsa ne da yake saya wurin masu kayan kamun kifi, ya ce sun fi na kanti daɗin hannu. Uku masu kauri suna kama da ƙarfe a ido, amma zare ne aka naɗe da siririn jan ƙarfe. Waɗannan da nake gani kuwa baƙin ƙarfe ne zalla, sababbi, masu kaifi.

Ya yi mini bayani yana murna, a hankali kamar kullum. Wannan fikof ɗin da maganaɗisu yake aiki, maganaɗisu kuwa ba ya jin roba, ba ya jin jan ƙarfe, baƙin ƙarfe kaɗai ya sani. Shi ya sa jiya ya yi shiru. Da ya gane, sai ya kwance na Baba ya ɗaura na ƙarfe, shi ke nan magana ta ƙare. Ya murɗa wani maɓalli, ya ja tsirkiya ɗaya da yatsa. Sautin ya cika shagon har gilashin ƙofa ya amsa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji tsigar jikina ta tashi. Na hango Baba zaune da wuyansa a miƙe.

Amma na tuna wata rana ina ƙarama, wani abokinsa ya kawo masa kyautar tsirkiyar ƙarfe, Baba ya mayar masa cikin ladabi ya ce wannan ba ta cin ƙarfe, cikinta ba zai ɗauka ba. Na buɗe baki in faɗa. Muryar da na yini ina rabarwa a waya ta maƙale, na tsaya gyaran murya. Shi kuwa ya ce saura ta ƙarshe ba ta hau daidai ba, ya kama maɓallin ɗame tsirkiya da ke saman wuyan jitar yana murɗawa, yana kasa kunne, yana murɗawa.

Akwai ɗan katako a jikin jita inda ake ɗaure gindin tsirkiyoyi, jaki sunansa. Shi ne ya tashi. Ya ɓalle gaba ɗaya, ya yago fatar katakon da ke ƙarƙashinsa, ya yi sama da tsirkiyoyi shida ya daki bango. Da yake lasifika a kunne take, ƙarar ta fita har titi, mai sayar da lemo a ƙofar shagon ya watsar da tirensa.

Ɗaya-Biyu ya tsaya da hannunsa a inda yake. Wata tsirkiya ta shafe shi a kumatu, jini ya fito siriri kamar an ja layi da jan biro, ya ɗiga a sabuwar rigar. Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba. Na zauna a kujerar da ya share mini, na cire takalmi ɗaya, don ƙafata ta kumbura tun rana. Can ya ce ya san wata mata mai gyaran jita.

Matar Kafinta ake ce mata, ko da yake kafintan ya rasu da daɗewa, kuma masu sani sun ce tun yana raye ita ke yin aikin da ke son hannu mai laushi. Ɗakinta a saman wani shagon agogo yake, matakala goma sha tara, na ƙirga su da ƙafar nan mai ciwo. Jitoci marasa wuya da wuyoyi marasa jita rataye a igiya kamar shanya. Tsohuwa ce gajera, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ta karɓi jitar kamar an miƙa mata jaririn da aka kayar, ta juya ta, ta sa ɗan madubi a cikin bakin ta leƙa, sannan ta dubi Ɗaya-Biyu ta saman tabarau.

“Kai ne mai lasifika?”

“Ni ne, Mama.”

“Ya nuna. Ku kullum abin da ke fita kuke ji, ba ku tambayar abin da ke ɗauke da shi.”

Ta ce jitar roba da jitar ƙarfe ba ƙira ɗaya ba ce, ko da sun yi kama a ido. Ta ƙarfe ana sa mata sanda a cikin wuya da haƙarƙari masu kauri a ciki, don ƙarfe yana ja kusan ninki biyu. Wannan kuwa an yi ta ne siririya don ta yi rawa da ɗan abu kaɗan. Ɗora mata ƙarfe kamar ɗora wa tsohuwa buhun siminti ne don an ga tana tafiya da kyau. Ta ce ya yi sa'a jakin ne ya tafi, da ya yi gardama da wuyan ne zai lanƙwashe, shi kuma ba ya dawowa.

Sai ta jawo wata aljihun tebur ta zube mana fikof iri huɗu a kan tsumma. Ita kunne take ce musu. Ta ɗaga mai maganaɗisu ta ce wannan ya riga ya gaya mana halinsa. Ta ɗaga wani siriri kamar tsinken tsintsiya, ta ce shi a ƙarƙashin ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki ake kwantar da shi, yana jin roba sarai, amma sai an huda jitar wuri biyu, kuma muryarsa tana da ɗan ƙarfe-ƙarfe, kamar mai magana da hanci. Na uku ƙaramin makirfo ne da ake sawa a ciki, ya fi kowa faɗin gaskiya, sai dai in aka ƙara masa ƙarfi yana kuka, mai neman ƙarfi kuwa kamar Baba kukan zai fara ji. Na huɗu wani ɗan faifai ne kamar kwabo, da siririyar waya. Manna shi ake yi a jikin katako, ba huda, ba ƙusa. Shi ba ruwansa da tsirkiya, katakon yake saurare. Duk abin da katako ya ji, shi ma ya ji, har gogar hannun riga.

Ɗaya-Biyu ya ce to a sa wannan, a manna jakin yau, ko nawa ne aikin. Ta yi dariya ba sauti. Ta ce sai ta cike inda ya yage, ta manna, ta matse, ta bar gam ya sha iska, sati uku in Allah ya so. Kuma ko sati ukun ba za ta fara ba, domin ita ba ta sa gam a kayan kiɗan da mai shi bai gani a karye ba. Ta taɓa yi sau ɗaya tana yarinya, mai abin ya zo ya karɓa ya yi godiya, bai ƙara taɓa shi ba har ya mutu, kullum yana cewa an canja masa. Kunne ma mai jita ke zaɓa, ba mai neman 'yarsa ba. Ban san yadda aka yi ta gane ba. Wataƙila sabuwar rigar ce.

Ta naɗe jitar a tsohon zanen gado, ta sa jakin a leda. Har mun kai ƙofa ta kira ni, ta damƙa mini ɗan faifan nan da wani akwati mai batir kamar sabulu da abin sawa a kunne mai soso. Ta ce aro ne, in kai wa tsohon ya gwada, ya san abin da zai ce e ko a'a a kansa. Na ce ai ba tsirkiya. Ta ce ta sani.

Inna da ta ga abin da ke cikin zanen sai ta zauna a hannun kujera. Sannan ta fara abin da ta fi iyawa, wato gyaran labari. Ta ce ƙusar nan dama ta daɗe tana rawa. A ce jitar faɗowa ta yi. A cire ƙusar ma a ɓoye, a ɗan fasa bangon. Malam zai yi baƙin ciki kwana biyu ya haƙura, ba wanda zai ji kunya, magana ba ta lalace ba. Kuma ni zan faɗa masa, tunda ni ce mai faɗa. Ta kira Ɗaya-Biyu a waya a gabana ta gaya masa haka.

Da magariba saƙonsa ya shigo. “Inna ta ce a ce daga ƙusa ta faɗo. Me kika gani?”

Na rubuta, “Ban ga komai ba. Na gaji.”

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Na kife wayar na je na jiƙa ƙafata a ruwan ɗumi.

Asabar da azahar Baba ya dawo, Gwaggo ta rako shi daga tasha da jakarsa. Gidanmu hawa na biyu ne, ƙofofi takwas ke kallon baranda ɗaya, kuma ranar Asabar kowa na gida, ƙofa a buɗe saboda zafi. Ya cire takalmi, ya sha ruwa, ya juya wajen bango kamar yadda mai shigowa ke neman fuskar matarsa. Inna ta riga ta cire ƙusar. Ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na ja numfashi zan fara ihun.

Sai aka yi sallama a ƙofa, ƙasa-ƙasa. Ɗaya-Biyu ne, da tsohuwar rigarsa ta aiki da filasta a kumatu. Ya gaida su Inna, ya wuce ya ɗauko zanen daga bayan kujera inda muka ɓoye, ya durƙusa a gaban Baba ya buɗe. Ya yi magana. Ni da ke kusa ma da ƙyar na ji.

Baba bai dube shi ba, jitar yake kallo. Ya ce, da babbar muryar nan ta waɗanda ba sa jin kansu, “Me ya ce?”

Na matso in karɓa kamar kullum. Ɗaya-Biyu ya ɗaga mini hannu. Ya sake faɗa da ɗan ƙarfi. Baba ya girgiza kai. Ɗaya-Biyu ya zaro biro zai rubuta a bayan wata takarda, Baba ya ture, ya ce tabaransa na cikin jaka, in mutum na da magana ya yi ta da baki. Inna tana ta yi wa Ɗaya-Biyu alama da ido, tana nuna ramin ƙusa.

Ban taɓa sanin yana da irin wannan muryar ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

“Baba, ni na lalata ta! Ba faɗowa ta yi ba! Na ɗauka ba da izininka ba, na sa mata ƙarfe, don ina son 'yarka!”

Rediyon maƙwabta ya mutu. Wata mata da ke tankaɗe a baranda ta tsaya da rariya a hannu. Daga ƙofa ta shida wani tsoho ya ce, to, yau dai an wuce ɗaya-biyu. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa yana durƙushe, kunnuwansa kamar za su kama wuta, bai sunkuyar da kai ba.

Baba ya shafa inda katakon ya yage da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Ya ciro jakin daga leda ya ɗora a wurinsa, ya ɗauke, ya sake ɗorawa. Ya ce, “Ƙarfe.” Sai ya sunkuya zai ɗora haɓa a kafaɗarta, ya tuna ba abin da zai kaɗa, ya tsaya a haka, a karkace. Wannan tsayuwar ce ta fi ƙarfina. Na shiga ɗaki na ɗauko kayan Matar Kafinta, don in samu abin yi da hannuna.

Ɗaya-Biyu ne ya haɗa. Ya manna faifan kusa da raunin, ya sa wayar a ɗan akwatin, na ɗora wa Baba abin kunnen a kan hularsa, ya murɗa ƙarfin har ƙarshe. Baba ya ɗaga hannu zai cire, hannun rigarsa ya gogi jitar. Ya tsaya cak. Ya miƙe wuya. Ya ƙwanƙwasa katakon da farce sau ɗaya, ya jira, kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, ta gefe, ta baya. Ya ja farcen a hankali tun daga kafaɗa har gindi. Ya ce nan akwai haƙarƙarin da ya saki, a gaya wa mai gyara. Ya ce ashe har yanzu tana da zurfin nan.

Inna ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce, “To, ya ji. Da kunnensa. Kowa shaida ne.” Gwaggo ta ce ai magana ba ta ce da tsirkiya ko ba tsirkiya ba. Suka zuba mini ido, har mai rariya ta matso bakin ƙofa. Ɗaya-Biyu ne kaɗai ya ce a'a, wannan ba ji ba ne, ƙwanƙwasa ce, kada a riƙe ni da ita. Ba wadda ta kula shi.

Na durƙusa in rage wa Baba ƙarfin akwatin kada ya yi masa yawa, fuskata daf da bakin jitar, na ce a ƙasan maƙoshi, ni da kaina nake yi, “Wayyo, na gaji.”

Baba ya zabura. Ya dube ni. Ya ce, “Sake.”

Na kai bakina ramin, na ce a hankali, yadda mutane ke magana a gidajen da kowa ke ji, “Baba, kana ji na?”

Ya dafe abin kunnen da hannu. Sannan ya ce, “Uwata, yaushe muryarki ta girma haka?”

Shekara shida ihuna kawai ya sani. Na dafa gwiwarsa. Ya dubi Inna da Gwaggo, ya dubi mai durƙuso, ya dubi taron ƙofa. Kurma ne, ba makaho ba. Ya matso da jitar ya ce in faɗa masa a nan, shi kaɗai zai ji, wannan mai ihun, ina son sa ko ba na so.

Ku zan gaya muku, tunda kun biyo ni har nan. Na sa baki a ramin, na ji warin tsohon katako da ƙura, na ce ban sani ba, Baba. Na ce tsoro nake in tafi in bar ka ba mai yi maka magana. Na ce amma ɗazu da ya yi ihun nan a gaban kowa, ban ji kunyarsa ba, ko kaɗan.

Baba ya gyaɗa kai. Ya cire abin kunnen, ya naɗe wayarsa a yatsu biyu, ya sa a aljihu.

Inna ta matso ta yi abin da ta ce ƙirjinta ba ya iyawa, ta ɗaga murya. “Malam, me ta ce?”

Ya dube ta da fuskar marar laifi. “Wa? Ni da ba na ji?”

Litinin za mu kai jitar wurin Matar Kafinta, ni da Baba, ya ce shi zai hau matakalar da ƙafarsa ya ga sauran kunnuwan da idonsa, ba zai zaɓa a kan na aro ba. Inna ba ta yi mini magana tun jiya, ta mayar da ƙusar da kanta, a karkace. Ɗazu kuma da la'asar, lokacin da Baba ya saba kiɗa, ina zaune ina kallonsa yana ƙwanƙwasa katako, saƙon Ɗaya-Biyu ya shigo.

“Sati uku Baba ba shi da abin yi da yamma. In ya yarda zan riƙa zuwa in zauna da shi, ni zan yi ihun, ki huta. Ba don amsa ba.”

Na karanta, ya ga na karanta. Na rubuta “to,” na tsaya ina kallon kalmar. Wata guda ina tura masa ita ba tare da na duba abin da na amsa ba. Na goge. Har yanzu wayar na kan cinyata, ban sami wadda zan sa a wurinta ba.